YASUJIRO OZU (1903-1963): SANNU BA TA HANA ZUWA

Duk wanda ya taɓa shiga gidan silima a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram cikin shekarun 1970 da 1980 ya san irin fim ɗin da ke cika gida maƙil: na Indiya mai waƙa da rawa, ko na kaboyi mai sukuwa da harbe-harbe, ko na ƴan karate mai naushi da shuri. Amma akwai wani irin fim dabam, wanda ke tafiya a hankali kamar raƙumi da kaya. Ba a gudu a cikinsa, ba a faɗa. Mutane ne ke zaune suna zance, suna cin abinci, wani lokaci kuma su yi shiru. Masana suna yaba irin wannan fim ƙwarai, suna ba shi lambobin girma. Sai dai an daɗe ana gardama a kansa: shin talakan da ya wuni yana aiki, ya zaro kuɗin guminsa ya sayi tikiti, zai iya zama ya kalle shi har ƙarshe? Ko kuwa abincin masu dogon karatu ne kaɗai?

Domin mu duba wannan magana, yau za mu kawo muku tarihin wani mutumin ƙasar Japan mai suna Yasujiro Ozu. In ana zancen fim mai tafiya sannu, sunansa na cikin waɗanda ake fara ambata a duniya. Daga 1927 zuwa 1962 ya shirya fim 54. Ba domin masana ya yi su ba. Shi ma'aikacin kamfani ne, kamfanin kuwa ciniki yake nema, kuma matan gida da ma'aikatan biro su ne suka riƙa biyan kuɗin shiga.

ƘURUCIYARSA

An haifi Ozu ran 12 ga watan Disamba 1903 a Fukagawa, wata unguwar ƴan kasuwa da masu sana'a cikin birnin Tokiyo. Mahaifinsa mai sayar da takin gona ne. A 1913, sa'ad da yaron ke da shekara 9, sai uban ya aika da uwar da ƴaƴan garinsu na asali, Matsusaka, shi kuwa ya zauna Tokiyo wurin kasuwancinsa. Shekara goma yaron ya yi ba ya ganin ubansa sai jefi-jefi. Wanda ya kalli finafinansa daga baya zai yi ta cin karo da wannan hali: uba na nesa, uwa na ɗawainiya, gida ya rabu biyu.

A lakwal Ozu ba ya cikin masu ƙoƙari. Yakan sulale ya bar aji ya tafi gidan silima, kuma finafinan Amurka ne suka fi ɗauke masa hankali. A 1917 ya ga wani daga cikinsu mai suna Civilization, daga nan ya ƙudura a ransa wannan sana'a zai yi. Da ya gama kwaleji a 1921 ya zauna jarrabawar shiga babbar makarantar kasuwanci ta Kobe, ya faɗi. Da shekara ta kewayo ya gwada ta makarantar horon malamai, ita ma ya faɗi. Sai ya samu aikin mushe na wucin gadi a wani ƙauye cikin duwatsu, ya yi shekara guda yana koya wa yara karatu.

YARON MAI ƊAUKAR HOTO

A 1923 iyalin suka koma Tokiyo. Wani dattijo cikin danginsa ya yi masa hanya ya shiga kamfanin silima na Shochiku, a ma'aikatarsu ta unguwar Kamata. Mahaifinsa bai so ba, domin a wancan zamani ba a ɗaukar aikin silima sana'ar ɗan mutunci. Aikinsa na farko shi ne ɗaukar na'urar hoto a kafaɗa, ya kai ta duk inda aka ce. Bai daɗe da farawa ba, ran 1 ga watan Satumba, girgizar ƙasa ta auka wa Tokiyo, ta hallaka mutum fiye da 100,000, ta kuma haɗa da gidansu.

Shugaban ma'aikatar, Shiro Kido, yana da ra'ayinsa game da abin da jama'a ke so. Wasu kamfanoni sun duƙufa kan labarun mayaƙan dauri masu takubba. Shi kuwa ya ga ya fi kyau a nuna wa mutane rayuwarsu ta yau: ƙaramin ma'aikaci da albashinsa, ɗalibi da jarrabawarsa, uwar gida da tukunyarta. Ya lura kuma mata ba su zuwa silima su kaɗai, sukan jawo miji ko ƙawa, saboda haka fim ɗin da ya gamshi mata ya fi kawo kuɗi. A wannan makaranta Ozu ya koyi aiki.

A 1927 aka ba shi fim ɗinsa na farko. Wanda ya rubuta labarin shi ne Kogo Noda, mutumin da zai zama abokin aikinsa har ƙarshen rai. A lokacin fim ba ya magana. Wani mutum mai zaƙin baki, wanda ake kira benshi, shi ke tsayawa gefen allo yana bayyana wa jama'a abin da ke gudana. Ozu saurayi ne mai zafin nama: a shekarar 1930 kaɗai ya yi fim 7. Akwai na ban dariya kan ɗalibai masu satar amsa, akwai na ɓarayi da bindigogi irin na Amurka. Da dama cikin waɗannan na farko sun salwanta, amma waɗanda suka rage sun isa shaida cewa mutumin ya iya gudu. Tafiyar hawainiyar da aka san shi da ita daga baya zaɓi ne ya yi, bayan ya gwada sauri ya ga iyakarsa.

YABO YA ZO, CINIKI BAI ZO BA

Karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta taɓa Japan sosai. Masu takardun shaida suka cika titi ba aiki. Dariyar finafinan Ozu ta fara gaurayuwa da ɗaci. A 1932 ya yi fim kan wasu yara biyu, wa da ƙane, waɗanda ke ganin babu kamar ubansu a duniya. Wata rana suka gan shi yana rusunawa yana wasan wawa domin ya faranta wa maigidansa na wurin aiki. Abin ya ƙona musu rai, har suka ƙi cin abinci. Mujallar silima ta Kinema Junpo, wadda ke tara ra'ayin masana kowace shekara, ta zaɓe shi fim mafi kyau na shekarar. Haka aka sake yi a 1933 da 1934: shekara uku a jere fim ɗin Ozu ne na ɗaya.

Amma a wannan lokaci yabon masana ya fi cinikin yawa. Kamfanin yana alfahari da sunansa, kuɗin kuwa wasu ne ke kawowa. Wannan ya nuna masu cewa talaka ba ya son irin wannan fim suna da abin kafa hujja, kuma bai kamata a ɓoye shi ba.

Fim mai magana ya shigo Japan a 1931, amma Ozu bai yi gaggawa ba, sai a 1936 ya yi nasa na farko, mai suna Hitori Musuko, watau Ɗa Tilo. Labarin wata gwauruwa ce mai aiki a masaƙar siliki, wadda ta sayar da abin da ta mallaka domin ɗanta ya yi karatu. Bayan shekaru ta je Tokiyo ganinsa, tana zaton ya zama babban mutum. Sai ta tarar da shi mushen lakwal ɗin dare, a wani ɗan gida bayan gari, da mata da jariri, yana cin bashi domin ya yi mata hidimar baƙunci.

SHEKARUN YAƘI

A watan Satumba 1937 aka kira shi soja, aka tura shi ƙasar Sin, inda Japan ke yaƙin mamaya. Ya yi kusan shekara biyu a can, cikin wata runduna mai aiki da makamai masu guba. Abokinsa Sadao Yamanaka, wani haziƙin mai shirya fim, a can ciwo ya kashe shi a 1938. Ozu ya komo gida a 1939. Bai taɓa nuna fagen fama a fim ɗinsa ba. Yaƙin yakan bayyana ne ta wata hanya: hoton ɗan da bai dawo ba a jingine cikin ɗaki, ko tsofaffin sojoji suna tuna baya a wurin shan giya.

A 1941 ya yi fim kan iyalin wani attajiri mai suna Toda. Da mai gidan ya mutu, sai uwar da ƴar autarta suka zama kaya: wannan ɗa ya tura su gidan wancan, wancan ya tura su gaba. A nan ne yabo da ciniki suka haɗu karo na farko. Masana suka ba shi lamba ta ɗaya, jama'a kuma suka cika gidajen silima.

A 1943 hukumar soja ta aika da shi Singafo domin ya yi fim ɗin farfaganda. Fim ɗin bai yiwu ba. Abin da ya yi shi ne zama yana kallon finafinan Amurka da sojojin Japan suka ƙwace, cikinsu har da Citizen Kane na Orson Welles, wanda ya burge shi ƙwarai. Da Japan ta sha kashi a 1945 aka tsare shi wata shida, sa'an nan ya isa gida a farkon 1946. Ya ga duk dabarun da Amurkawa suka ƙware a kai, amma da ya koma bakin aiki sai ya ƙara rage nasa.

YADDA YAKE AIKINSA

Daga 1949 Ozu ya kama hanyar da bai sake bari ba. Na'urar ɗaukar hoto yakan ajiye ta ƙasa-ƙasa, kusa da tsayin idon mutumin da ke zaune bisa tabarma, domin mutanen Japan bisa tabarma suke zama, su ci, su kwana. In ya ajiye ta, da wuya ta motsa. Mai magana yakan fuskanci mai kallo kusan ido da ido, har ka ji kamar kai ma baƙo ne a ɗakin. Tsakanin wannan zance da wancan yakan nuna abin da ba kowa a ciki: tufafi a kan igiyar shanya, hayaƙin masana'anta, jirgin ƙasa na wucewa. Wannan yakan ba mai kallo damar ya haɗiye abin da ya ji kafin a ci gaba.

Abin da wasu ke ɗauka shi ne zuciyar labari, shi tsallake shi yake yi. A fim ɗinsa na 1949 mai suna Banshun, wata budurwa mai shekara 27 ta ƙi aure domin kada ta bar mahaifinta, wanda matarsa ta mutu, ba mai kula da shi. Uban ya yi mata ƙaryar cewa shi ma aure zai yi, domin ta saki jiki ta tafi. Ba a nuna bikin ba, ko angon ma ba a nuna ba. Abin da aka nuna shi ne dare ya yi, tsohon ya komo gida shi kaɗai, ya zauna yana feraye ɗan itace, sa'an nan ya sunkuyar da kai.

Ba ya canza abokan aiki. Shi da Noda sukan keɓe a masauki ko a wata bukka cikin duwatsu, su yi watanni suna rubutu da hira da shan giyar shinkafa. Yuharu Atsuta ne mai ɗaukar hotonsa shekara da shekaru. Ɗan wasa Chishu Ryu ya fito a kusan dukan finafinansa, Setsuko Hara kuwa a 6. Yakan sa ɗan wasa ya maimaita ɗaga kofin shayi sau da yawa har sai ya yi daidai da yadda yake so. Da aka dame shi da cewa kullum abu guda yake yi, sai ya kwatanta kansa da mai awara, wanda ya iya sarrafa waken suya iri-iri, amma ba ya karɓar kwangilar girkin da ba nasa ba.

LABARIN TOKIYO

Fim ɗin da ya fi fito da sunansa shi ne Tokyo Monogatari, watau Labarin Tokiyo, wanda aka fara nunawa ran 3 ga watan Nuwamba 1953. Kwana 103 shi da Noda suka yi suna rubuta shi. Tsawonsa minti 136 ne.

Wani tsoho da matarsa sun taso daga Onomichi, wani gari na bakin teku, sun yi doguwar tafiya cikin jirgin ƙasa domin su ga ƴaƴansu a Tokiyo. Babban ɗan likita ne a wata unguwar bayan gari, ƴar kuwa tana da shagon gyaran gashi. An tarbe su da ladabi, amma kowa aiki ya sha masa kai. Ran da aka shirya kai su yawon ganin gari, sai aka kira likitan wurin maras lafiya. Daga baya ƴaƴan suka haɗa kuɗi suka aika da su wani wurin shaƙatawa mai suna Atami, inda hayaniyar samari ta hana su barci, suka komo kafin lokaci, suka tarar ba a shirya musu wurin kwana ba. Wadda ta bar aikinta ta kewaya da su, ta shimfiɗa wa tsohuwar a ɗan ɗakinta, ita ce Noriko, matar ɗansu da yaƙi ya ci, wadda ba jininsu ba ce.

A hanyar komawa tsohuwar ta kamu da ciwo, ta isa gida ta cika. Ƴaƴan suka zo, suka yi kuka na gaskiya, aka yi jana'iza, babbar ƴar ta nemi a ba ta wasu tufafin uwar, suka kama jirgi suka koma bakin aiki. Noriko ce ta ƙara kwanaki. Da za ta tafi, tsohon ya ba ta agogon matarsa, ya roƙe ta ta sake aure. Aka bar shi zaune shi kaɗai yana fifita, kwale-kwale na wucewa cikin ruwa.

Babu mugu a wannan labari. Ƴaƴan ba azzalumai ba ne, hidimar birni ce ta cinye su, kuma iyayen sun san haka, shi ya sa ba su yi ƙorafi a gabansu ba. Da an saka mugu a ciki, da mai kallo ya zage shi ya fita da zuciya wasai. Da yake babu, sai ya fita yana lissafin yaushe rabonsa da zuwa gaida nasa tsofaffin.

SU WA KE SAYEN TIKITI?

Labarin Tokiyo yana cikin finafinai 10 na ƙasar da suka fi kawo kuɗi a shekararsa. A gidajen silima na kowa da kowa aka nuna shi, inda ake nuna na takubba da na soyayya. A wancan zamani silima ita ce babbar nishaɗin jama'a: a 1958 an sayar da tikiti fiye da miliyan 1,100 a Japan, watau kamar kowane mutum ya shiga sau 12 a shekara. Cikin wannan kasuwa Ozu yake fitar da fim kusan kowace shekara, kamfanin kuma yana ba shi manyan ƴan wasa, domin ya san kuɗinsa za su dawo.

Me ya zaunar da waɗannan mutane? Na farko, abin da ake nunawa shi ne abin da ke cin ransu. Bayan yaƙi an sake dokar iyali, daga 1948 aka soke tsohon tsarin da ya ba mai gida iko kan auren ƴaƴansa da dukiyar gidan. Samari suna ta barin ƙauye zuwa birni. Kowane gida yana fama da tambayoyi iri ɗaya: wa zai riƙe tsofaffi? Wa zai zaɓa wa yarinya miji, ita ko ubanta? Wanda ake zancen gidansu ba ya duba agogo.

Na biyu, Ozu bai taɓa barin ban dariya ba. Akwai yara marasa kunya, akwai gwaggo mai neman haɗa aure, akwai dattawa abokan lakwal masu zolayar juna. A fim ɗinsa na farko mai launi, na 1958, wani uba ne mai ba ƴaƴan abokansa shawarar su auri wanda suke so, amma da tasa ƴar ta kawo nata sai ya murtuke fuska. Wannan fim ya samu kasuwa sosai. A na 1959 mai suna Ohayo, watau Ina Kwana, wasu yara biyu sun daina magana da kowa sai an saya musu talabijin, suna ganin gaishe-gaishen manya surutun banza ne. Fim ɗin ya nuna cewa wannan gaisuwar, da tambayar kwana da gajiya, ita ce man da ke sa zaman tare ya yi laushi.

Akwai kuma abin lura. Finafinansa biyu na bayan yaƙi da suka fi yawan tashin hankali, na 1948 mai nuna miji ya tunkuɗo matarsa daga bene, da na 1957 mai nuna watsewar gida da mutuwar budurwa, su ne ba su samu karɓuwa irin ta sauran ba. Jama'arsa natsuwar suke zuwa nema wurinsa.

WAƊANDA SUKA ƘOSA

Duk da haka ba kowa ya gamsu ba. Samarin da suka tashi cikin kangon yaƙi da yunwa suna ganin finafinansa na masu hali ne, masu tsabtar da ta yi yawa, masu koya wa mutane haƙuri a lokacin da ya kamata a yi fushi. Shohei Imamura, wanda ya yi masa mataimaki a fim 3, har da Labarin Tokiyo, ya bar kamfanin a 1954, ya kama hanyar da ta saɓa wa ta maigidansa, yana nuna karuwai da ƴan cuwa-cuwa da talakawan ƙauye. Shi ma ya yi suna, har ya ci babbar lambar bikin silima na Kan, a Faransa, sau biyu, a 1983 da 1997. Wajen 1960 wasu samarin kamfanin Shochiku, irin su Nagisa Oshima, suka fito da sabon salo mai zafi, suna ɗaukar aikin Ozu kayan tsofaffi.

Sa'an nan talabijin, wadda ta fara aiki a Japan a 1953, ta shiga gidaje. Kafin 1963 masu zuwa silima sun ragu da fiye da rabi. Iyalan da Ozu ke yi wa fim suka koma kallon labarun iyali a ɗakunansu, gidajen silima kuwa suka koma farautar samari da faɗa da tsiraici.

HUKUNCIN DILLALAI

A ƙasashen waje kuwa, an daɗe ba a san shi ba. Tun 1951, sa'ad da Rashomon na Akira Kurosawa ya ci lambar zinariya a birnin Benis na Italiya, Turawa suka buɗe ido kan silimar Japan. Amma masu fitar da fim waje sun fi aika na takubba da tufafin dauri. Sun yanke cewa na Ozu sun cika zama na gida, baƙo ba zai fahimta ba, barci zai yi. An nuna Labarin Tokiyo a Landan, har ya samu lambar girma a 1958, amma sai a 1972 ya samu shiga sosai a Amurka, a Faransa kuwa sai a 1978, shekara 25 bayan fitowarsa. Da baƙin suka gani, sai ga su suna share hawaye, domin su ma suna da iyaye.

Irin wannan hukunci na dillalai ya taɓa faɗa wa masu shirya fim na Afirka. Cikin shekarun 1960 kamfanonin Faransa biyu, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da yawancin gidajen silima na ƙasashenmu masu aiki da Faransanci, kuma da wuya su sayi fim ɗin ɗan ƙasa. Ba a iya cewa jama'a sun ƙi abin da ba a kai gabansu ba.

Sai dai a Turai da Amurka ƙananan gidajen silima na masana ne suka karɓi Ozu, daga nan sunan mai fim ɗin masu ilimi ya bi shi. A 2012 mujallar Sight and Sound ta Ingila ta tambayi ɗaruruwan masu shirya fim na duniya, suka sa Labarin Tokiyo a kan gaba cikin dukan finafinan da aka taɓa yi. Fim ɗin da aka yi wa matan gida da ma'aikatan biro ya zama abin koyarwa a jami'o'i.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana nuna aure da ƴaƴa, shi bai taɓa aure ba. Da mahaifiyarsa ya zauna, a garin Kamakura kusa da Tokiyo, har ta rasu a watan Fabrairu 1962, yana tsakiyar rubuta fim ɗinsa na ƙarshe. Shi ma labarin wani uba ne da ya aurar da ƴarsa ya komo gida ya tarar da shiru. A wannan shekara aka shigar da shi majalisar masu fasaha ta ƙasar Japan, shi ne mai shirya fim na farko da ya samu wannan girma. Ciwon daji ya kama shi a wuya, ya rasu ran 12 ga watan Disamba 1963, ranar da ya cika shekara 60 daidai. An binne shi a harabar wurin ibada na Engakuji. A kan dutsen kabarinsa harafi guda aka sassaƙa, wanda ma'anarsa ita ce babu.

To, jama'a, abin da tarihin wannan mutum ya nuna shi ne talaka yana iya zama ya kalli fim mai tafiya sannu, har ya biya kuɗi ya sake dawowa baɗi. Amma da sharaɗi: ya zamana abin da ake nunawa ya shafe shi, an sa masa abin dariya a ciki, kuma an kawo fim ɗin inda yake. Ba kowa zai so shi ba, kamar yadda samarin zamanin Ozu ba su so ba, kuma shi kansa sai da ya yi shekara 14 yana aiki kafin jama'a su cika masa gida. Mutumin da zai iya zama tun bayan sallar isha'i har dare ya raba yana sauraron shawarar auren ƴarsa, ba haƙuri ne ya rasa ba. In ya tashi ya bar fim a tsakiya, kafin a ce bai waye ba, ya kamata mai fim ɗin ya tambayi kansa ko zancen wa yake yi.